Auna Tasirin Manyan Ayyukan Raya Ƙasa a Kan Muhalli: Abin da Madatsun Ruwa na Arewacin Nijeriya Suka Nuna

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta yi bayani a kan wani reshe na ilmin tsara ayyukan raya ƙasa, watau binciken da akan gudanar kafin a soma babban aiki, domin a gano irin sauyin da aikin zai kawo wa ƙasa da ruwa da tsirrai da dabbobi, da kuma mutanen da abincinsu ya rataya a kan waɗannan abubuwa. Za mu duba asalin wannan bincike da yadda ake yin sa, amma mafi yawan maganarmu za ta tsaya ne a kan madatsun ruwa na arewacin Nijeriya, domin a nan ne aka kashe dukiya mai yawa, a nan ne kuma aka sami isasshen lokacin da za a iya ganin abin da ayyukan suka haifar.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan kalmar muhalli. A tsohuwar Hausa, in an ce muhalli, to, ana nufin mazaunin mutum ko wurin da abu ya dace da shi, kamar yadda akan ce an ajiye magana a muhallinta. Masana sun faɗaɗa ma'anar har ta ƙunshi duk abin da ke kewaye da ɗan Adam. A ganina wannan faɗaɗawa ta yi daidai, kuma tsohuwar ma'anar tana da amfanin da bai kamata a yar ba, domin tana tuna mana cewa fadamar da injiniya yake gani a taswira a matsayin fili, mazaunin wasu ne, kuma rumbunsu ne.

2.0 Asalin Binciken da Yadda Ake Yin Sa

Ƙasar Amurka ce ta fara mayar da wannan bincike doka. Majalisarta ta zartar da dokar manufar ƙasa a kan muhalli a 1969, aka sa mata hannu ranar 1 ga Janairu, 1970. Dokar ta wajabta wa hukumomin gwamnatin tarayya cewa kafin su shiga wani babban aiki, sai sun rubuta bayanin illolin da zai iya jawowa, da waɗansu hanyoyi dabam da za a iya bi a kai ga biyan bukata, sa'an nan su buɗe bayanin ga jama'a. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Sitokholm a 1972 ya ƙara yaɗa wannan tunani, Bankin Duniya ya sa shi cikin sharuɗɗan ba da rance a 1989, taron Riyo na 1992 kuwa ya sa shi cikin ƙa'idojin da ƙasashe suka amince da su.

Yadda aikin ke gudana ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Da farko akan tace, a ga ko aikin ya kai girman da zai bukaci cikakken bincike, domin ba a tara masana saboda haƙa rijiya ɗaya. In ya kai, sai a shata iyakar binciken, watau a yanke shawarar wane yanki za a duba da waɗanne al'amura. Daga nan sai a tattara bayanin halin da wurin ke ciki kafin a taɓa shi: yawan ruwan da kogi ke kawowa wata-wata, faɗin ƙasar da ambaliya ke malalewa, abin da ake nomawa, kifin da ake kamawa, dabbobin da ke kiwo, cututtukan da ke akwai. A kan wannan bayani ake gina hasashen abin da zai canja, a kuma tsara matakan kauce wa illa, ko rage ta, ko biyan diyyarta in ba makawa. Bayan hukuma ta duba rahoto ta yanke hukunci, akwai sauran aiki, watau sa ido a kan abin da ke faruwa a zahiri, shekara bayan shekara.

Cikin waɗannan matakai, biyu ne suka fi saurin ɓata bincike tun daga tushe: shata iyaka da tattara bayanin farko. Wanda ya ja iyakar bincikensa a gindin bangon madatsa, ya riga ya fitar da duk mutanen da ke ƙasan kogi daga lissafi tun kafin a soma ƙidaya. Wanda kuma ya auna kogi a shekarun damina mai albarka kaɗai, zai tsara aikinsa a kan ruwan da babu tabbacinsa. Misalan da za mu kawo za su nuna dukkan kurakuran biyu.

3.0 Bakalori

Madatsar Bakalori tana kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, a cikin Jihar Zamfara ta yanzu, ko da yake a lokacin gininta yankin yana ƙarƙashin Jihar Arewa maso Yamma ne, daga baya Jihar Sakkwato. An soma ginin a 1974, aka kammala a 1978. Tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, tafkinta kuwa ya shafe wajen hekta 8,000. Don amfanin waɗanda ba su saba da waɗannan ma'aunai ba, kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, watau cikin duro biyar, hekta ɗaya kuma ta kusa eka biyu da rabi.

Abin lura na farko shi ne ba a rasa shawara ba. A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gabatar da rahoto a kan kwarin Sakkwato da Rima, inda ta ba da shawarar a bi a sannu, a fara da ƙaramin aiki wanda ba zai rushe tsarin noman da mutane suka saba da shi ba. Da kuɗin man fetur suka samu, sai aka ga wannan tafiyar hawainiya ce. Aka ba kamfanonin Italiya aikin sake bincike, suka kawo shawarar babbar madatsa guda ɗaya, sa'an nan ɗaya daga cikinsu, Impresit, shi ya sami kwangilar ginin. Ba sai an zargi kowa da mugun nufi ba kafin a ga aibin wannan tsari. Wanda ribarsa ke ƙaruwa da girman aiki, ba shi ya kamata a tambaya ko aikin ya yi girma da yawa ba.

Mutanen da aikin ya shafa sun kasu uku, kuma kowane kashi da irin asararsa. Akwai waɗanda tafki ya cinye garuruwansu da gonakinsu a wajajen Maradun, mutum kimanin 13,000, waɗanda aka mayar kan tudu mai tsakuwa bayan sun saba da fadama. Akwai manoman da gonakinsu suka faɗa cikin filin ban-ruwa. Su kuwa an hana su shuka yayin da ake baje ƙasa da jan magudanai, wasu har damina fiye da ɗaya, an sare itatuwansu masu amfani, an kuma shafe iyakokin gonaki ta yadda da aka zo mayar wa kowa nasa sai rikici ya tashi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ƙara dagula lamarin, domin a ƙarƙashinta ba a biyan diyyar ƙasa ita kanta, sai abin da ke kanta na gini da shuka da itatuwa. Manomin da aka karɓe masa gonar da kakanninsa suka yi ta zuba wa taki, abin da doka ta san da shi shi ne amfanin da ke tsaye a ranar ƙidaya.

Daga 1979 manoma suka shiga tare hanyoyi suna hana aiki. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka wa ƙauyukan, ciki har da Birnin Tudu, aka yi kisa da ƙone-ƙone. Adadin mamatan da hukuma ta bayar bai kai talatin ba, amma masu binciken da suka bi diddigin al'amarin sun kawo adadin da ya haura 300. Bjorn Beckman yana cikin waɗanda suka yi rubutu mai zurfi a kan wannan tarzoma.

Kashi na uku su ne waɗanda ba a ko ƙidaya su ba, kuma su ne suka fi dacewa da batun wannan takarda. Daga Bakalori zuwa Sakkwato akwai fadama mai tsawon kilomita wajen 120. Kafin madatsa, gulbi yakan cika a watannin Agusta da Satumba ya malale fadamar. Manomi ya shuka shinkafa ta girma tare da ruwa. In ruwa ya janye, ya bi danshi da albasa da barkono da dankali da taba. In danshi ya yi ƙasa, ya haƙa 'yar rijiya ya kafa jigo. Kifi yakan bi ambaliya ya shiga ciyawa ya yi ƙwai, masunta su same shi a tafkuna bayan ruwa ya koma. Da kaka kuma Fulani su sauko da shanu su ci harawa da ɗanyar ciyawa, su bar taki. Fili ɗaya ke nan yana ciyar da sana'a uku a shekara, babu wanda ya sayi inji ko mai.

Madatsa ta rage tsawon ambaliya da faɗinta da kwanakin da takan yi. William Adams, wanda ya yi bincike a ƙauyukan fadamar a farkon shekarun 1980, ya ƙiyasta cewa an yi asarar noman shinkafa a hekta wajen 7,000, da noman rani a hekta wajen 5,000. Manoma suka koma shuka gero da dawa a inda dā shinkafa ke yi, kamun kifi ya ragu ƙwarai, masunta da yawa suka kama ci-rani. Ba a rubuta wannan asara a littafin lissafin aikin ba, domin masu lissafin sun ɗauki ruwan da ke wuce Bakalori a matsayin ruwan da ke tafiya a banza. Da an cire abin da fadama ta rasa daga abin da filin ban-ruwa ya samar, da ribar da aka yi tallar aikin da ita ta ragu ainun.

4.0 Tiga, Calawa da Fadamar Haɗeja da Nguru

A gabas ma labarin ya yi kama da wannan, sai dai ya fi sarƙaƙiya, kuma adalci ya wajabta a faɗi amfanin da aka samu. An gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a lokacin da aka gama ta tana iya riƙe ruwan da ya kusa kubik mita miliyan 2,000. Madatsar Calawa da ke kusa da Ƙaraye ta biyo baya a 1992. Duk wanda ya bi ta Kadawa da Kura da Garun Malam da rani ya ga tumatir da shinkafa da alkama, ya san aikin bai tafi a banza ba. Birnin Kano kuma, da yawan jama'arsa, yana dogara da ruwan da waɗannan madatsu ke saki cikin kogunansa. Saboda haka tambayar da ke gabanmu ita ce nawa aka biya, kuma wa ya biya.

Kogin Kano da na Calawa su ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Bayan ya wuce garin Haɗeja sai ya shiga ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tsofaffin tuddan rairayi, ya rarrabu rassa-rassa, ya haɗu da ruwan Kogin Jama'are, su malale ƙasa mai faɗi kafin su tattaru kusa da Gashuwa su zama Kogin Yobe, wanda ke bi ta Gaidam da iyakar Nijar wajen Difa har Tafkin Cadi. A 1969 ambaliyar wannan fadama ta rufe murabba'in kilomita fiye da 2,300. A 1993 ba ta kai 500 ba. Ba madatsu kaɗai suka jawo haka ba, domin farin shekarun 1970 da na 1980 ya rage ruwan kogunan Sahel baki ɗaya, amma madatsun sun ɗora nauyi a kan wanda dā ma yana nishi.

A farkon shekarun 1990 Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi wani lissafi wanda ya shahara a wannan fanni. Sun tambaya: in aka ɗauki kubik mita 1,000 na ruwa, ina ya fi kawo riba, a fadama ko a filin ban-ruwa na Kogin Kano? Suka haɗa abin da fadama ke bayarwa na noma da kifi da itacen wuta kaɗai, suka sami kimanin dalar Amurka 9 zuwa 14. A filin ban-ruwa kuwa, bayan an cire kuɗin gudanarwa, ribar wannan ruwa ba ta kai ko da dala ɗaya ba. Dalili shi ne ban-ruwa na zamani yana shan ruwa mai yawa da kuɗi mai yawa a kan fili kaɗan. Kuma lissafin nasu bai sa kiwo ba, bai sa kaba da goriba da kanwa ba, bai kuma sa aikin da ambaliya ke yi na cika rijiyoyi ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin ruwan da ke kwanciya a fadama yana tsatsafowa ƙarƙashin ƙasa, shi ne kuma ƙauyuka masu nisa da kogi ke ɗiba da guga ba tare da sun san daga ina ya zo ba.

Akwai kuma illar da babu wanda ya yi hasashenta, wadda ta zo ta hanyar da ba a zata ba. A dā Kogin Haɗeja na damina ne: ya cika da ƙarfi ya share laka daga hanyarsa, da rani kuma ya ƙafe, rana da wuta da shanu su gama da ciyawar da ta tsiro a ciki. Da aka soma sakin ruwa daga madatsu duk shekara, sai kogin ya rasa ƙarfin daminarsa, ya kuma rasa bushewar raninsa. Wannan hali shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Ta yaɗu ta toshe rassan kogi, laka ta taru a gindinta, ruwa ya karkata zuwa reshen Marma da Tafkin Nguru. Sakamakon haka, waɗansu garuruwa ruwa ya zauna a gonakinsu ba ya janyewa, waɗansu kuma, a kan tsohuwar hanyar kogi, suna kallon busasshen kwari. Masunci ba ya iya jefa birgi cikin kacala, jirgi ba ya ratsa ta, tsuntsun janbaki ya sami masauki a cikinta yana fita yana cinye gero da shinkafa, sauro da katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya su ma suka sami wurin hayayyafa. Wannan ya nuna cewa mai auna tasirin madatsa bai gama aikinsa ba in ya lissafa yawan ruwan shekara kawai. Lokacin zuwan ruwa da lokacin ɗaukewarsa su ma dukiya ne.

Wannan darasi ne ya sa jihohin Yobe da Barno suka daɗe suna adawa da madatsar Kafin Zaki da aka shirya ginawa a kan Kogin Jama'are a Jihar Bauci, wadda aka dakatar da aikinta a 1984. Jama'are shi ne babban kogin da ya rage yana kawo cikakkiyar ambaliya zuwa Gashuwa.

5.0 Kudancin Cadi

Misalin kuskure na biyu, watau gina aiki a kan gajeren bayani, shi ne shirin ban-ruwa na Kudancin Cadi da ke wajen Marte a Jihar Barno. An tsara shi don ya shayar da hekta 67,000 da ruwan da za a jawo daga tafki. Alƙaluman da aka dogara da su sun fito ne mafi yawa daga shekarun da tafkin ke cike, domin a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Kafin a gama gini tafkin ya soma janyewa, a tsakiyar shekarun 1980 kuwa mashigar ruwan ta zauna a kan busasshiyar ƙasa. Filin da aka taɓa nomawa bai kusanci abin da aka tsara ba. Labaran matafiya na ƙarni na 19 da na farkon ƙarni na 20 sun nuna cewa cika da janyewa halin Tafkin Cadi ne, dattawan bakin tafki ma sun san haka. Manoma kuwa suka bi ruwa inda ya koma, suka shuka masara da wake a danshin da ya bari.

6.0 Dokar 1992 da Inda Take Yoyo

Duk ayyukan da muka ambata an tsara su ne kafin Nijeriya ta sami dokar da ta wajabta binciken tasiri. Abin da ya farkar da hukuma ma ba madatsa ba ce. A 1988 aka gano an jibge dubban tan na shara mai guba daga Italiya a garin Koko, cikin Jihar Bendel ta wancan lokaci. A shekarar aka kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya, a 1992 kuma aka yi Doka ta 86 a kan auna tasirin ayyuka. A 1999 aikin hukumar ya koma hannun Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 aka kafa wata hukuma ta tilasta bin ƙa'idojin muhalli.

Dokar ta lissafa ayyukan da dole a yi musu cikakken bincike. Daga ciki akwai madatsar da tafkinta ya kai hekta 200, da shirin ban-ruwa da ya kai hekta 5,000, da aikin gona da zai tashi iyalai 100 ko fiye. Da wannan doka tana nan a 1974, da Bakalori ta faɗa ƙarƙashinta ta fuska uku. Wannan ci gaba ne wanda ba a raina shi. Amma wanda ya san yadda al'amura ke gudana ya san akwai wuraren da ɗakin ke yoyo.

Mai aikin shi ke ɗaukar masu binciken, shi ke biyan su. Haka tsarin yake a ƙasashe da yawa, kuma yana iya yin aiki in hukumar da ke duba rahoto tana da ƙwararru da kuɗin zuwa fili da kanta. In ba ta da su, to, an koma gidan jiya. Sau da yawa kuma akan yi binciken ne bayan an zaɓi wuri, an ba da kwangila, har an aza harsashi, alhali kuwa tun ran gini ran zane. Binciken da ya zo a wannan lokaci ba zai iya cewa a canja wuri ko a rage girma ba, iyakarsa ya ba da shawarar a dasa itatuwa. Daɗin daɗawa, tarar da dokar ta yanka a 1992, naira 100,000 ga mutum ɗaya, da abin da ya fara daga naira 50,000 ga kamfani, faɗuwar darajar naira ta mayar da ita abin dariya a gaban kwangilar biliyoyi. Har ila yau, dokar tana duba aiki ɗaya-ɗaya ne, alhali kogi ba ya jin nauyin madatsa ɗaya-ɗaya. Ƙananan madatsu goma da famfunan ban-ruwa dubu, kowannensu bai kai a bincike shi ba, amma in sun taru suna iya shanye abin da babbar madatsa za ta sha.

Akwai wani gibi da ya shafi wannan taro kai tsaye. Ƙa'ida ta ce a ajiye rahoto a bainar jama'a har kwana 21 na aiki domin kowa ya duba ya faɗi ra'ayinsa. Rahoton kuwa littafi ne mai ɗaruruwan shafuka da Ingilishin masana, an ajiye shi a ofishin ma'aikata ko sakatariyar ƙaramar hukuma. Masuncin Nguru da bafulatanin da ke rani a fadama ba za su karanta shi ba, ba za su ma ji labarinsa ba. In an kira taron jin ra'ayi, waɗanda ake gayyata su ne masu unguwanni da masu gonaki. Makiyayi ba shi da takardar fili, mai yiwuwa ma a watan da aka yi taron yana wata jiha da shanunsa. Matan da ke sana'ar kaba da bandar kifi ba sa zama a irin wannan taro. Ga shi kuwa sarkin ruwa ya san inda kifi ke ƙwai, arɗo ya san burtali da mashaya, tsohon manomi ya san iyakar da ruwa ya kai a shekarar babbar ambaliya. Wannan shi ne ainihin bayanin farko da masu bincike ke kashe kuɗi suna nema da na'urori. Ina ganin aiki ne a kan sassan nazarin harsuna na jami'o'inmu su tsara kalmomin wannan fanni da Hausa da Fulatanci da Barbarci, domin a iya taƙaita kowane rahoto a karanta shi a rediyo da ranar kasuwa kafin kwanakin nan 21 su ƙare.

7.0 Kulawa Bayan an Gama Gini

Madatsun da aka gina sun riga sun ginu, saboda haka abin da ya rage shi ne yadda za a sarrafa su. Hanyar da ta fi ba da fata ita ce sakin ambaliya da gangan, watau a buɗe ƙofofi a lokacin da kogi ya saba cika, a saki ruwa da ƙarfi na 'yan makonni, da rani kuma a rage saki ta yadda rassan kogi za su bushe. An gwada irin wannan a arewacin Kamaru. Madatsar Maga da aka gina a 1979 don noman shinkafa ta hana ruwan Kogin Logon shiga fadamar Waza, kiwo da su suka durƙushe. A 1994 aka buɗe wani reshe da aka toshe, ruwa ya sake malale murabba'in kilomita wajen 200, ciyawar kiwo da kifi suka soma dawowa, makiyaya suka biyo su.

A kwarin Haɗeja da Yobe an yi yunƙurin haɗa kai. Shirin kare fadamar Haɗeja da Nguru ya soma a 1987, an sa yankin Tafkin Nguru da reshen Marma cikin fadamun duniya masu muhimmanci a 2000, a 2006 kuma jihohi shida da suka haɗa kogin, watau Kano da Jigawa da Bauci da Filato da Yobe da Barno, suka amince da tsarin kula da ruwan tare da kafa asusu. Wuyar aikin ita ce wanda ke riƙe da ƙofar madatsa yana saman kogi, wanda ke jiran ruwa yana ƙasa, kuma kowace gwamnati masu zaɓenta take ji. Sakin ambaliya kuma yana bukatar sanarwa a kan kari, domin mutane sun riga sun yi gidaje da gonaki a hanyar ruwa tun da ya daina zuwa.

Sa ido ya haɗa da lafiyar ginin kansa. Madatsar ƙasa tana tsufa: laka na cika tafki, zaizaya na cin bango, ƙofofi na tsatsa. Madatsar Bagauda ta fashe a watan Agusta na 1988, ta share gonaki da gidaje a Jihar Kano. Madatsar Alau ta jawo ambaliya a Maiduguri a 1994, sa'an nan a watan Satumba na 2024 ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. A kowane rahoton tasiri akwai babin da ke alkawarin aunawa da gyara na shekara-shekara. Kuɗin gini yakan fito a dunƙule, da biki da yanke ƙyalle, amma kuɗin wannan babi sai an nema a kasafin kowace shekara, kuma shi ake fara yankewa in aljihu ya yi sanyi. Saboda haka shawarata ita ce kada a ba wani sabon aiki takardar amincewa sai an ware kuɗin sa ido a asusu na dabam tun daga cikin kuɗin kwangila, a kuma wajabta wa hukumar kogi ta riƙa buga alƙaluman ruwan da ta tara da wanda ta saki kowane wata, ta aika da su ga ƙananan hukumomin da ke ƙasan kogi.